Gurara ko Farin Ruwa: wanne ne ke shiga cikin yini guda daga Abuja?

Duk shekara idan damina ta fara ja da baya, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai hotunan ruwa mai zubowa daga kan dutse su cika wayoyin mutanen Abuja. Daga nan musu ya tashi a ofis da majalisar unguwa: Gurara za a je ranar Asabar, ko Farin Ruwa? Wani ya jefo mafaɗar ruwan Assop ta jihar Filato a tsakiya. Yawanci da hoto ake yanke hukunci, wanda ya fi ɗaukar ido shi ke cin zaɓe. Ni kuwa a ganina hoton shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Tambaya biyu ce ke raba gardamar: a ina kuke so Magariba ta riske ku, kuma wane ne ya fi kowa raunin ƙafa a cikin motar?

Gurara tana jihar Neja, a ƙaramar hukumar Gurara, gefen hanyar Suleja zuwa Minna. Tsayin da ruwan ke faɗowa kimanin mita 30 ne, amma idan kogi ya cika faɗinsa yakan kai mita 200. Wato ba tsayi ne abin kallon ba, faɗi ne da ƙarfi: kogi guda sukutum ya iso bakin dutse, ya rarrabu kashi-kashi yana rugugi har sai kun ɗaga murya kafin ku ji juna. Kogin daga jihar Kaduna yake tasowa, ya ratsa nan, ya gangara ya faɗa kogin Kwara. Shi ne kuma aka datse can sama aka janyo ruwansa ta bututu zuwa dam ɗin Usuma, don haka duk mai buɗe famfo a Abuja yana da zumunci da kogin nan ko bai sani ba.

Farin Ruwa tana jihar Nasarawa, ƙaramar hukumar Wamba, dab da iyakar Filato. Ruwan daga saman tsaunukan Filato yake gangarowa, ya saki jiki daga tsayin kimanin mita 150, faɗinsa wajen mita 50. Ninki biyar ke nan na Gurara a tsayi. Ko shahararriyar mafaɗar ruwan Victoria da ke iyakar Zambiya da Zimbabwe, mita 108 ce. Farin Ruwa ta fi ta tsayi, ko da yake a faɗi da yawan ruwa ba a ma haɗa su. Tun daga nesa kake hango shi fari fat a jikin baƙin dutse, kafin ka ji ƙararsa. Idan kyau kaɗai ake dubawa, babu wata gasa a nan. Farin Ruwa ta yi gaba.

To, amma hanya.

Mai zuwa Gurara zai bi babban titin Kubwa zuwa Zuba, ya wuce Dutsen Zuma a Madalla, wanda ke jikin takardar naira 100, ya kai mahaɗar Dikko, ya karya ya ɗauki hanyar Minna. A yankin Lambata, wajen ƙauyen Bonu, ake sauka daga babban titi a shiga 'yar gajeriyar hanyar da ke kai wa bakin wurin. Daga tsakiyar Abuja tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma awa ɗaya da rabi ta wadatar idan hanya ta yi kyau. Matsalarta ɗaya ce: tankoki da tireloli. Hanyar Suleja zuwa Minna ta daɗe ana aikin mayar da ita tagwaye, shekara da shekaru, kuma mota ɗaya ce za ta lalace a ƙuntataccen wuri ta riƙe ku awa guda. Duk da haka, ƙaramar motar gida tana zuwa har wurin ajiye motoci. Ba ka buƙatar mota mai tsayi, ba ka buƙatar ɗan acaɓa. Wanda ya bar gida ƙarfe 8 na safe zai yi walaha a bakin ruwa, ya ci abinci, ya yi Azahar, ya dawo ya yi La'asar a masallacin unguwarsu in ya ga dama.

Farin Ruwa wata tafiya ce daban, kuma nan ne mutane ke yaudarar kansu da taswirar waya. Hanyar ita ce Nyanya, Mararaba, Masaka, Keffi, Garaku, Gudi, Akwanga, sannan a karkata zuwa Wamba. Daga Keffi zuwa Akwanga titi tagwaye ne mai kyau, tun 2025 ma ake biyan kuɗin hanya a kansa. Wannan sashen ne ke sa mutum ya ɗauka ya gama da tafiya. Daga Wamba saura kimanin kilomita 30, kuma waɗannan kilomitocin su ne ainihin tafiyar. Kwalta tana ƙarewa, a shiga turba mai duwatsu da ramuka da rafuka, inda gudu ba ya cikin lissafi. A wani lokacin mota mai tsayi takan matsa sosai, a wani lokacin dole a ajiye ta a ƙauye a hau mashin, daga ƙarshe a sauka a taka da ƙafa.

Bari mu yi lissafin a fili, yadda mai tsara tafiya ya kamata ya yi shi da biro tun daren Juma'a. Kun yi Asuba, kun tashi. Ƙarfe 6 kuna ratsa Mararaba. Da safe cunkoson masu shigowa Abuja ne, ku kuwa fita kuke yi, amma motocin haya da ke tsayawa a tsakiyar titi ba ruwansu da ɓangaren da kake. Ƙarfe 7 Keffi. Wajen 8 da rabi Akwanga, a sha mai, a karya kumallo. Tara da rabi Wamba. Ku ba turbar nan awa ɗaya da rabi, ku ba ƙafa abin da ya kama daga rabin awa zuwa awa guda, gwargwadon inda abin hawa ya tsaya. Kun iso gindin ruwa da rana tsaka ke nan. Yanzu a juya lissafin ta baya. A watan Nuwamba rana tana faɗuwa ƙarfe 6 da 'yan mintoci. Idan kuna so duhu ya same ku kun riga kun wuce Akwanga kuna kan babban titi, dole ku bar bakin ruwa ƙarfe 2, ba 2 da rabi ba. Sakamakon: kusan awa goma sha biyu a hanya, zuwa da dawowa, domin awa biyu a gaban ruwa. Kuma wannan idan taya ba ta yi faci ba, ba a tsaya dogon bayani a shingen jami'an tsaro ba, babu wanda ya makara da cewa yana neman cajar waya.

Akwai wani abin da ke rusa wannan lissafi gaba ɗaya, kuma mazauna Abuja sukan manta da shi domin ba ya shafar su: Asabar ta ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a jihar Nasarawa, akan taƙaita zirga-zirga da safe. Ku kauce mata.

Shin awa biyun sun cancanci wahalar? Ga wanda tattakin ne ya fito da shi, ƙwarai kuwa. Nan ne bambanci na biyu yake, kuma ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana: Gurara ba wurin hawan dutse ba ce. Daga inda ka ajiye mota, 'yan mintoci ne ka isa inda ake tsayawa a hango ruwan daga sama. Akwai gangara zuwa ƙasa ta cikin duwatsu, tana sa haki wajen dawowa, amma ba abin da za a kira tattaki ba ne. Wanda ya sayi sabon kambas da jakar goyo da sandar hawan dutse ya nufi Gurara zai ji kamar an rage masa hanya. Wurin shimfiɗa tabarma ne, a buɗe kula, yara su yi ta ihu, manya su yi hira.

Farin Ruwa kuwa sai ka biya da gumi. Ana ratsa gonaki da ciyawa, a tsallaka ruwa, a shiga inuwar manyan itatuwa inda iska ke sauyawa ta yi sanyi, ƙarar ruwan tana ƙaruwa a hankali. Kafin ka kai gindinsa feshin ya jiƙa ka. Ba hawa ne na ƙwararru ba, duk mai lafiya da ya saba tafiyar ƙafa zai iya, sai dai ana yin sa ne bayan jiki ya riga ya sha jijjiga a mota da mashin, kuma akwai komawa. Mutane suna auna ƙarfinsu da zuwa, su manta dawowar ce ke zuwa da rana a ka da ciki cike da abinci.

Shi ya sa na ce a duba mafi rauni a cikin motar. Idan akwai Hajiya mai ciwon gwiwa, ko mai juna biyu, ko yaron da sai an goya shi, ko wanda hawan jini ko ciwon suga ke damu, magana ta ƙare, Gurara za a je. Ba don raini ba. A Gurara wanda ya gaji zai koma mota ya zauna a inuwa, kuma asibitin Suleja bai yi nisa ba. A Farin Ruwa wanda ya gurɗe a ƙafa sai an tallabo shi zuwa inda mashin yake, mashin ya kai shi inda mota take, mota ta yi ta rarrafe zuwa Wamba. Dattawanmu kuma ba sa son a ce sun kasa. Za ka ji Baba yana cewa, "Kai, mu da muka yi noma da ƙafa muke zuwa gona, wannan ɗan dutsen ne zai gagare ni?" Amsar da ta dace ita ce, "Haka ne Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma a wannan karon Gurara muka shirya." Kada ka tsaya gardama, kuma kada ka sauya shiri.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya fi kowane sashe rikitarwa, domin watan da ruwa ya fi kyau shi ne watan da hanya ta fi muni. Damina a wannan yanki daga Afrilu take zuwa Oktoba, ƙarfinta a Yuli da Agusta da Satumba. A waɗannan watanni Gurara tana cika ta batse, ruwan ya koma ja saboda laka, duwatsun da ake zama a kansu da rani duk su nutse. Abin kallo ne na gaske, amma daga sama kawai, kuma tunda hanyarta kwalta ce kusan har bakin wurin, ana iya zuwa ko a tsakiyar Agusta. Wannan babbar fa'ida ce da Gurara ta fi Farin Ruwa da ita. Daga Janairu zuwa Maris ruwan yana ja sosai, ya rabu siraran zubi, ya yi garau, yashi da duwatsu su fito. Masu son zama kusa da ruwa sun fi son wannan lokacin. Masu son rugugi sukan dawo suna cewa an zuzuta wurin.

Farin Ruwa a Agusta ita ce wadda ake gani a hotunan da ke tayar da hankalin mutane, amma wanda ya ɗauki hoton bai gaya maka yadda ya kai wurin ba. Rafukan da ake tsallakawa da tsalle a Disamba sukan kai ƙugu a lokacin, turba ta zama taɓo, mashin ya yi ta zamewa. Kana iya shiga da safe lafiya, a yi ruwa da rana, rafin da ka ƙetare ya hana ka fita. A tafiyar yini guda wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da tsakiyar rani kuma hanya ta bushe amma ruwan ya ragu, ga zafin Maris da ke dafa mutum a turba. Tsakanin biyun akwai ɗan lokaci mai daɗi: daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Sama ta ɗauke, ƙasa ta fara tsanewa, tsaunuka ba su gama sakin ruwan da suka sha ba, ciyawa tana kore, hazon hunturu bai rufe sararin ba tukuna. Idan Farin Ruwa kuka zaɓa, wannan ne lokacinku. Ga Gurara ma Oktoba da Nuwamba sun fi, sai dai ita ba ta da tsauri haka.

Game da shiga ruwan, ra'ayina ba ya da sassauci a wuraren biyu: kada a yi iyo a gindin inda ruwa ke faɗowa. Ba batun iya iyo ba ne. Ruwan da ya faɗo daga sama yana cakuɗe da iska, wannan farin kumfar da kake gani ke nan, kuma ruwa mai iska a ciki ba ya ɗaukar jiki yadda ruwan kogi ke ɗauka. Mutum yana buga hannu amma yana nutsewa. Ƙari a kan haka ruwan yana juyawa ne a ƙasa, ya tura ka waje kaɗan ya sake janyo ka ƙarƙashin zubin. An sha rasa rayuka a Gurara, kuma sau da yawa samari ne masu ji da ƙarfi. Duwatsun bakin ruwa kuma gansakuka ta lulluɓe su, santsinsu ya fi na sabulu, kuma mai ɗaukar hoton kansa yana ja da baya ba ya ganin inda yake taka ƙafa. Silifas da takalmi mai tsini su zauna a mota.

Akwai haɗarin da ya fi shafar Farin Ruwa da Assop, domin su daga tsauni ruwansu ke zuwa kai tsaye. Ana iya tafka ruwan sama a can saman Filato alhali ku a ƙasa rana kuke gani tarwai. Bayan ɗan lokaci ruwan ya iso gaba ɗaya. Alamarsa ita ce launin ruwa ya fara sauyawa zuwa ja, ganyaye da karmami su fara biyo shi, ƙarar ta yi kauri. Duk wanda ya ga haka ya hau tudu nan take, a bar kula da tabarma. Mutanen wurin sun san wannan sarai, shi ya sa ɗaukar ɗan jagora a Farin Ruwa ba alfarma ba ce da kake yi wa 'yan ƙauye. Da ɗan gari akan ci gari. A Gurara za ka iya yi ba jagora idan ba za ka sauka ƙasa ba.

Wani ɗan ƙarin bayani da ba a cika yi ba: ruwa mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu shi ne inda ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo da rana ke hayayyafa, waɗanda ke yaɗa cutar makantar kogi. Ziyarar yini guda ba abin tayar da hankali ba ce, cutar tana kama wanda ya daɗe yana shan cizo ne, amma cizon kansa yana ƙaiƙayi kwana da kwanaki. Dogon wando da safa sun fi gajeren wando, ko da hoton bai yi kyau ba. Kududdufan da ruwa ya kwanta a cikinsu da rani kuma a hana yara wasa a ciki saboda tsargiya.

Kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, man fetur shi ne babban kaso na kowace tafiya, kuma nisan Farin Ruwa kimanin ninki biyu ne na Gurara. A Gurara mai ne da kuɗin shiga. A Farin Ruwa akwai mai, kuɗin hanya, 'yan acaɓa zuwa da dawowa ga kowane mutum, ɗan jagora, da ɗan abin da za a ba wanda ya kula da mota. Ku riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji, domin bayan Wamba kada ku dogara da tiransifa ko mai POS, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Ku yi ciniki da 'yan acaɓa a kan zuwa da dawowa tun kafin a hau, a biya rabi, rabi sai an dawo, kuma a faɗi ƙarfe nawa za su jira ku. Idan shatar mota za ku ɗauka, ku gaya wa direba gaskiyar inda za a je. Wanda aka ce masa Akwanga, ya ga an shiga turba da motarsa, rigima za ku yi a daji.

Shiga ƙauyen mutane kuma yana da ladabinsa. Wamba ƙasar Rindre ce, sarkinsu Oriye Rindre, kuma a ƙauyukan da ke kewaye akwai wasu ƙabilun, amma Hausa tana kai ka ko'ina. A tsaya a yi sallama, a ce sannunku da aiki, a tambayi mai unguwa ko dattijon da ke wurin kafin a wuce. Kada a ratsa gonar mutum, kada a ɗauki hoton mata a rafi ba izini, kada a bar robobi da ledoji. Haka ma a Gurara, inda Gwari ne masu ƙasa kuma ruwan yana da daraja a al'adarsu tun kafin a fara kiransa wurin yawon buɗe ido.

Salla da abinci su ma suna shiga zaɓin. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, kimanin kilomita 80, ita ake yi wa ƙasaru. Farin Ruwa ta wuce haka nesa ba kusa ba. Gurara kuwa a kan gaɓa take, ya danganta da unguwar da ka taso, mutumin Zuba da mutumin Nyanya ba lissafinsu ɗaya ba, don haka a tambayi malam tun a gida maimakon a tsaya jayayya a kan dutse. Juma'a ba ranar wannan tafiya ba ce, Lahadi kuma abokan tafiya Kirista suna coci, saboda haka Asabar ce ke haɗa kowa. A Gurara kuna iya zuwa da tukunyar dafa-duka guda, mota tana kusa. A Farin Ruwa duk abin da ka ɗauko a bayanka zai hau: kilishi, dambun nama, dabino, gyaɗa, burodi, da ruwa aƙalla lita biyu ga kowane mutum. Kunun aya ku bar shi a gida, kafin Azahar ya yi tsami.

Assop fa? Tana jihar Filato, ƙaramar hukumar Riyom, a gindin Hawan Kibo, kimanin kilomita 64 daga Jos, kuma kusa take da bakin titi. Wuri ne mai daɗi, ruwa yana sauka a kan duwatsu cikin kurmi mai sanyi, tafiyar ƙafarta kaɗan ce. Amma daga Abuja sai ka wuce Akwanga, ka ratsa Gwantu da Fadan Karshi a kudancin Kaduna kafin ka kai. Nisan ya kai na Farin Ruwa ko ya fi, ruwan kuma bai kama ƙafarta a girma ba. A ce an tashi daga Abuja takanas domin Assop a dawo a yini, ban ga ribar ba. Amfaninta shi ne ga mai tafiya Jos: ya tsaya awa guda, ya miƙe ƙafa, ya huce, sannan ya fuskanci Hawan Kibo, wanda direbobi suka san shi da hatsarin manyan motocin da burki ke tsinke wa.

Ba zan rufe ido a kan tsaro ba, domin shi ne dalilin da ya sa nake ta maimaita Magariba. Jihar Neja ta sha fama da 'yan bindiga, Riyom da Barikin Ladi da Bokkos sun ga hare-hare, kuma Bokkos tana maƙwabtaka da Wamba. Wannan ba ya nufin kullum wuraren a rikice suke. Mutane suna zuwa suna dawowa lafiya. Abin nufi shi ne labarin wata uku da suka wuce ba shi da amfani, na wannan makon ake nema. Direbobin tasha da ke bin hanyar kullum sun fi kowa sani, sai wani ɗan uwa ko abokin aiki da ke da mutum a Wamba ko Lambata. A tafi da mota biyu idan da hali, a bar wa wani a gida sunayen matafiya da lokacin da ake sa ran dawowa, kuma kada a sanar da duniya a Facebook inda za a je sai an dawo. A nan ma Gurara ta fi sauƙi, don kawai tana kusa da babban titi kuma kuna iya barin wurin da rana tsaka.

Ga inda na tsaya. Iyali, baƙi daga Kano ko Sakkwato da ake so a fita da su, 'yan ofis da suka haɗa manya da yara, ɗaliban makaranta, duk wanda motarsa ƙarama ce, duk wanda ba zai iya tashi kafin ƙarfe 8 ba: Gurara. Lokacin da ya rage a tsaya a Dutsen Zuma, ko a shiga Suleja, garin da Ladi Kwali ta jikin naira 20 ta yi aikin tukwanenta. Mutum huɗu zuwa shida masu lafiya, da mota mai tsayi, da direban da ya san turba, a watan Nuwamba, waɗanda suka yarda tun a gida cewa mutum ɗaya ne ke riƙe da agogo kuma idan ya ce a juya an juya: Farin Ruwa. Idan kuma za ku iya ƙara dare ɗaya, ku tashi da yammacin Juma'a ku kwana a Akwanga. Da wannan kaɗai awa biyun nan sun zama huɗu, kuma direba ba zai tuƙa ku gida yana gyangyaɗi ba.

Ga mazauna Jos lissafin yana juyewa. Assop ita ce tasu ta kusa, awa ɗaya da 'yan mintoci ta hanyar Bukuru da Riyom. Mai son hawa na gaske ba sai ya yi nisa ba, tsaunukan Shere suna gabashin gari, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, sai dai dutse ne ba mafaɗar ruwa ba. Akwai kuma mafaɗar ruwan Kurra a Barikin Ladi, inda kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ke samar da lantarki da ƙarfin ruwa tun zamanin haƙar kuza. Tunda wurin aikin kamfani ne, a nemi izinin shiga tun kafin ranar tafiya, kuma a tafi da rigar sanyi idan Disamba ce ko Janairu.